Wufar Nafisa

Wata huɗu bayan sanƙarau ya saki Nafisa, wuyanta ya warware, ƙafafunta sun yi ƙwari, har ta koma ɗebo ruwa a famfon tsakar gida, amma kunnuwanta biyu ba su dawo ba. Shekararta goma sha ɗaya. Tana magana kamar da, sai dai ba ta jin muryar kanta, shi ya sa wani lokaci za ta ɗaga ta kamar mai kiran wani a tsallaken titi, wani lokaci kuma sai ka kai kunne kusa da bakinta.

Mahaifinta Tanko direban adaidaita sahu ne, yana jigila tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Shi da matarsa Uwani da yarinyar suna zaune a ciki da falo a wani gidan haya a Tarauni. Babu irin maganin da ba su gwada ba, na sha da na ɗigawa da na hayaƙi. A zuwansu asibiti na ƙarshe likita ya gaya musu gaskiya, ya ce jijiyar ji ce ta mutu, na'urar da ake saƙalawa a kunne ma ba za ta yi mata komai ba. Ya ce akwai wani aiki da ake yi a dasa abu a cikin kai, da ya faɗi kuɗinsa Tanko bai ko sake tambaya ba, ya yi godiya suka fito.

A hanyar komawa gida hannunsa ya kunna kiɗa bisa sabo, ba tare da ya yi tunani ba. Lasifikar adaidaitar tana ƙarƙashin kujerar baya, inda Uwani da Nafisa suke zaune. Uwani ta ce masa ai wannan rashin ta ido ne, a gaban yarinyar da aka gama gaya wa iyayenta irin wannan magana. Ya ji kunya ya kashe.

"Baba, mayar da shi," in ji Nafisa.

Ya gangara gefen titi ya juyo. Ta kifa tafukanta biyu a kan kujera. Da ya sake kunnawa sai ta ce yana buga mata a cinya da baya, ta fara gyaɗa kai daidai da gangar. Tun da ta kwanta ciwo bai ga haƙoranta ba sai ranar.

Daga nan kullum da safe sai ta riga shi fita, ta shige bayan adaidaitar ta zauna. Yakan bar mata minti goma, daga nan dole ya sauke ta ya tafi nema, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa har ya sha kwana. Abin ya tsaya masa a rai. Ya gaya wa Uwani yana so ya sayo wufa, irin akwatin nan da ke fitar da amon ƙasa na kayan kallo, a ajiye mata a falo. Uwani ba ta so ba. Ta ce mutane za su ce sun haukace, gidan da ake zuwa jaje a riƙa jin kiɗa yana tashi, kuma ɗan abin da suka tanada na kayan sallar yarinyar ne. Kwana biyu ba ta sake tada zancen ba. A na uku, tana ba shi kokon safe, ta ce ya je ya dubo, atamfa ba ta taɓa sa Nafisa dariya irin ta ran nan ba.

A Gyadi-Gyadi akwai shagon Ozoemena, wani Ibo haifaffen Kano da ke sayar da kayan sauti yana kuma gyara su. Tanko ya sha ɗauko masa kaya daga tasha, Oga Ozo yake ce masa. Yana shiga ya nuna wani saiti mai walƙiya, fitilu shuɗaye suna zagaye bakinsa, an rubuta wata ƙatuwar lamba a jikin kwalinsa. Ozoemena ya ce in biki zai yi ko yana so ya burge baƙi, wannan ya isa. Tanko ya juya makullinsa a hannu, sannan ya faɗi dalilin zuwansa.

Ozoemena ya tashi ya kashe waƙar da ke tashi a shagon. Ya ce masa ya manta da lambar jikin kwali, masu yin kayan ne ke rubuta abin da suka ga dama. Ya sa shi ya ɗaga mai walƙiyar da hannu ɗaya, Tanko ya ji shi sakayau kamar fanko. Ozoemena ya ce roba ce, in aka ƙure ta kuka take yi, ba bugu ba. Sannan ya jawo wata baƙar akwati ta katako daga ƙarƙashin tebur, ta hannu ce, kusurwarta ɗaya a daƙushe. Ya ce abu uku ake dubawa in ana neman amo mai nauyi da kuɗi kaɗan, nauyin akwatin, da faɗin bakin lasifikar, da kuma ko tana riƙe bugu ba tare da karkarwa ba in an ƙara murya. Wannan inci takwas ce, kuma kuɗinta bai kai na mai fitilun ba.

Tanko ya ce to a ɗaure masa ita.

"Malam Tanko, ni da kai da kunne muke saye," in ji Ozoemena. "Kawo ta gobe ta zaɓa da kanta."

Washegari bayan azahar ya zo da ita, da ɗan littafin da suke rubuta mata magana a ciki. Ozoemena ya tada janareta ya haɗa mai fitilun. Nafisa ta ɗora hannu, ta janye da sauri tana yatsina fuska, ta ce kamar an kulle ƙuda a gwangwani. Ozoemena ya yi dariya ya ce yarinyar ta fi rabin masu shigowa shagon sanin kaya. Aka haɗa ta katakon. Ta daɗe da hannu a kai, ta durƙusa ta jingina ƙirjinta, ta ce wannan tana da kyau.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma a ƙuryar shagon akwai wata babba, inci goma sha biyu, tsayinta ya kai gwiwar babban mutum, an kawo ta ne don masu gidan kallon ƙwallo. Nafisa ta nufe ta ta nuna. Ozoemena ya dubi Tanko, Tanko ya rasa yadda zai ce a'a, ya gyaɗa kai.

Ana kunnawa gilashin kantar ya ɗauki rawa. Nafisa ba ta ko taɓa akwatin ba. Ta tuɓe silifas ta tsaya a kan daɓe, ta rufe ido, kafaɗunta suka fara motsi. Wata mata da ta shigo sayen rimot ta tsaya tana kallo. Da waƙar ta ƙare yarinyar ta buɗe ido.

"Wannan, Baba. Har cikina nake jin ta."

Tanko ya san kuɗinta, don ya ji an yi cinikin irinta a gabansa. Ozoemena ya yi ƙasa da murya, duk da yarinyar ba ta ji, ya ce ko ya bar masa a yadda ya saro ta, ta ninka abin da ke aljihunsa sau huɗu. Tanko ya buɗe littafin ya riƙe biro. Daga baya ya rubuta cewa ta yi wa ɗakinsu girma.

Nafisa ta karanta, ta ɗago ta dube shi, ta dubi akwatin. Ta sa silifas ɗinta ta ce ta katakon ma ai tana da kyau, ita ma dama ta fi son ta. Tanko ya gwammace a ce kuka ta yi.

Suka kai ta katakon gida, Ozoemena ya haɗa musu da ƙaramin amfilifaya da wayar da za a jona da salula. Kwana biyu ba a kawo wuta ba. Nafisa ta goge akwatin da tsumma ya fi a ƙirga. A rana ta uku aka kawo da hantsi, Tanko yana Unguwa Uku da fasinja. Uwani ta kira shi ta ce ta rasa wace waya ke shiga ina. Ya ba fasinjojin haƙuri ya sauke su ya juyo. Bai fi minti ashirin da haɗawa ba aka ɗauke.

Da wutar ta ɗan zauna a satin da ya biyo, sai wata matsalar ta fito. Daɓen siminti ba ya ɗaukar bugu sai an ƙure murya, in an ƙure kuwa duk gidan ke amsawa. Bango ɗaya ne tsakaninsu da Bukola, wadda kowa ke kira Maman Tobi, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ce ta fara ganin wuyan Nafisa ya sanƙare ta ce a ruga asibiti. Ta yi sallama wata la'asar, jaririnta a kafaɗa, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce kwanukanta suna kaɗawa a kan kanta, yaron kuma kwana uku ke nan bai yi barcin rana ba. Ta ce ta san dalili, wallahi ba don yaron ba da ba za ta buɗe baki ba. Uwani ta ba ta haƙuri, ita ma ta ba Uwani haƙuri, don babu mai laifin da za a nuna.

Ozoemena ne ya ba da dabara da Tanko ya kai masa kuka. Ya ce a ɗora akwatin a kan benci na katako, yarinyar ta zauna a ɗaya gefen, katako zai kai mata bugun ko an rage murya. Tanko ya sayo tsohon benci wajen wani mai shayi. Dabarar ta yi. Maman Tobi ta daina jin komai sai ɗan gunji, Nafisa kuma takan zauna ta jingina bayanta da akwatin duk lokacin da aka kawo wuta.

Haka aka yi kamar sati uku. Ranar wata Juma'a Tanko ya dawo daga masallaci ya tarar da ita a kan bencin, ba ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi wace waƙa ce ke tashi. Ya rubuta mata. Waƙa ce da ta haddace tun kafin ciwon, takan yi ta in tana wanke-wanke. Ta ce a mayar da ita farko. Ta fara rerawa tana bin bugun, amma muryar ta bi wata hanya daban, baitin da take yi ma ba shi ake yi ba. Da ta gama ta tambayi mahaifiyarta ko ta yi daidai. Uwani ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

"Baba, duk iri ɗaya suke," in ji Nafisa. "Dum, dum, dum. Ina jin bugun, amma ba na jin mutumin."

A lokacin ne Tanko ya lura da abin da Uwani ta riga shi gani, cewa ƙarshen kalmomin yarinyar ya fara zubewa, tana haɗiye wasu haruffa ba ta sani ba.

Ya koma Gyadi-Gyadi. Bai zauna ba ya tambayi Ozoemena ko babbar nan, in mutum ya yi ƙoƙari ya same ta, za ta iya fito da muryar mawaƙi yadda yarinyar za ta gane. Ya ce zai iya ƙara awa uku a kan aikinsa kullum.

Ozoemena ya ajiye abin da yake gyarawa. "In na ce maka e, na cuce ka. Wufa ganga take ɗauka, ba ta ɗaukar magana. Ko shagon nan duka ka kwasa, abin da ta ji yau shi za ta ji."

Ya ce akwai wata Malama Zahra'u da ke kawo masa gyaran talabijin, tana koyarwa a makarantar kurame, ya rubuta masa lambarta a bayan wani kwali. Tanko ya karɓa don kada ya watsa masa ƙasa a ido. Har ranar bai taɓa barin kowa ya kira 'yarsa kurma a gabansa ba. Kwalin ya yi kwana tara a aljihun adaidaita kafin ya nuna wa Uwani, ita ce kuma ta buga wayar.

Nafisa ta shiga makarantar a zangon da ya biyo. Kafin wata uku hannunta ya faɗa da maganar kurame. Wufar tana nan a falo, Uwani ta lulluɓe ta da ƙyalle, sai jifa-jifa yarinyar take buɗewa ta zauna a bencin na ɗan lokaci. Malama Zahra'u ta ce iyaye su riƙa zuwa ranar Asabar ana koya musu. Uwani tana zuwa. Tanko ya je sau biyu, Asabar ce ranar da aka fi samun fasinja, abin da ya riƙe bai wuce alamar ruwa da abinci da sannu ba.

Wata Lahadi wata ƙawarta ta makaranta mai suna Hafsat ta kawo mata ziyara. Suka zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki, hannuwa suna ta tashi, Nafisa tana dariya har da faɗuwa gefe. Tanko yana daga ciki yana kallonsu. Da baƙuwar ta tafi ya rubuta a littafin yana tambayar abin da ya ba su dariya haka.

Ta buɗe baki ta fara, ta kai tsakiya ta tsaya tana laluben kalma. Ta ɗaga hannu ta yi masa alamar sau biyu, a hankali, tana kallon fuskarsa. Da ta ga bai gane ba sai ta ce ba komai, abin ba ya faɗuwa da baki. Ta naɗe tabarmar ta kai ɗaki.