Tayoyin Motar Surajo

Cindo mai faci mutum ne mai surutu, wannan kowa ya sani a tashar motocin Warra da ke Yelwa. In ka kawo masa taya, kafin ya gano hudar ya gaya maka laifin direbanka da laifin hanya da laifin wanda ya sayar maka da tub ɗin. Amma ranar Litinin ɗin da yayansa Haliru ya iso daga Birnin Kebbi, ya buɗe bayan Fijo wani yaro ɗan shekara goma ya fito, sai bakin Cindo ya mutu murus. Ya gaida yayansa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida. Yaron kuwa ko kallonsa Cindo bai yi ba. Ɗansa ne Surajo, na fari, kuma shi kaɗai ya rage masa a duniya.

Tun da aka yaye Surajo aka ba Haliru riƙonsa, lokacin yana aiki a Sakkwato, shekara bakwai da aure ba haihuwa. Ai haka ake yi. Ɗan fari na kunya ne, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban jama'a, in aka samu ɗan'uwa ya ɗauke shi sai a ce an huta. Cindo da matarsa Larai suka ce wasu na tafe. Wasu sun zo, har biyu, ba wanda ya kai yaye. Bara kuma Larai ta bi su, gida ya rage daga Cindo sai tsohuwarsu, Inna Dudu. Shi kuwa Haliru Allah ya buɗe masa daga baya, 'ya'ya uku a jere, sannan aka yanka sabuwar jiha aka dawo da shi Birnin Kebbi.

Bayan la'asar Haliru ya kira ƙaninsa zaure.

"Cindo, zumunci ba ya son zalunci. Na gaya ma yaron ga gaskiya a hanya, ya san wanda ya haife shi. Jumma'a in mun sauko masallaci zan koma. In ya ce nan zai zauna, na bar maka shi, makaranta akwai ta a Yelwa. In ya ce ni zai bi, ba ni kore shi. Kwana huɗu gare ka, ka ja shi a jiki."

"Haba Yaya, ai ɗanka ne. Yadda ka yi daidai ne."

"Ji shi! To, ni dai na faɗa maka."

Yadda ka yi daidai ne, in ji shi! Ƙarya yake yi, wallahi. Yana son yaron nan ya zauna fiye da yadda ya taɓa son wani abu tun da aka haife shi. Sai dai bai san ta inda ake farawa ba, don shi ma ɗan da ubansa bai taɓa zama hira da shi ba ne.

Surajo ya zo da wata motar wasa, tsarabar Makka da Haliru ya kawo masa. Jif ce ja, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, tana cin batir, ana tuƙa ta daga nesa da rimot mai doguwar eriya. Da safiyar Talata yaran unguwa suka ja shi zuwa bakin ruwa. Lokacin tafki ya ja baya, duwatsu sun fito, akwai wani babba mai santsi da yara ke kira Bayan Dorina. Cindo ya sauko ɗiban ruwan da yake tsoma tub a ciki, ya tarar ana ihu. Motar ta zo gindin dutsen da gudu, ta ɗaga kai, tayoyinta na ta juyawa a wuri ɗaya, sannan ta sulalo da baya. Yara na ta tsalle suna cewa motar Makka ta ji kunya. Surajo ya sake gwadawa har sau biyar, idonsa ya kawo ruwa.

Cindo ya ajiye bokiti. "Kai yaro, kawo ta nan."

Ya juya motar, ya danna taya da farce, ya yi tsaki. "Wagga taya ce ko murfin kwalba? Biyo ni."

To, nan fa bakinsa ya buɗe, amma a kan taya. A rumfarsa ya zaunar da yaron kan benci, ya goge ƙyallin tayoyin da samfefa, ya ɗauki reza ya yi musu tsaga-tsaga a gicciye, yana yi yana bayani. Dutse ba kwalta ba ne, in ji shi, taya sai ta samu haƙorin cizo. Surajo na cewa, "To, Baffa." Suka koma bakin ruwa. Motar ta hau kamar taku uku, ta tsaya tana kuka, ta dawo.

Ran Laraba Cindo ya tashi da wata dabara. Ya tuna manyan motocin da ke maƙalewa a hanyar Ngaski da damina. Direban da ya san aiki ba ya ƙara wuta, iska yake ragewa, taya ta yi laushi ta baje ta kama ƙasa. Sai ya ɓare robar Makkan gaba ɗaya. Ya yanko tub ɗin keke, ya naɗa ƙananan tayoyi huɗu, ya cusa musu soson katifa don su riƙa lotsawa, ya yanka sauran tub ɗin siri-siri ya liƙa a kansu da sholisho, ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya cinye hantsi har azahar. Wani direban Warra ya gaji da jira ya ce, "Cindo, mota mai ɗaukar mutum goma sha takwas na tsaye, kai kana fama da ta aljanu?"

"Je ka gaba, akwai masu faci."

Yaron ne ke riƙe taya shi yana shafa sholisho, hannu kusa da hannu. Can sai Surajo ya tsaya yana kallon ɗan yatsa na shida da ke gefen hannun Cindo. Ya juya nasa hannun, ga tabo a daidai wurin, inda wanzami ya cire tun yana jariri.

"Baffa, dubi. Irin hannunka gare ni."

Wayyo! Da Cindo ya ce ko da "na sani" ne, da an wuce wurin. Amma direbobi uku na zaune a benci, mai shayi na kallo, duk sun san ko wane ne yaron. Cindo ya ji fuskarsa ta yi zafi. Ya ce, "Riƙe da kyau, yana bushewa." Yaron ya mayar da hannunsa kan tayar.

Da yamma suka gwada. Wannan karon tayoyin sun kama dutse sosai, har sun yi yawa. Motar ta hau zuwa tsakiya, gabanta ya ɗaga sama, ta wuntsila da baya ta faɗi ƙafafu a sama. Yara suka fashe da dariya, har Surajo ya yi. Cindo ne kaɗai bai yi ba, don shi lissafinsa daban. Ya riga ya sa a ransa cewa in motar nan ta hau Bayan Dorina, yaron zai gane. Zai ce mutumin da ya kori motocin haya kwana uku saboda ni, ai ba sai ya faɗa ba.

Ran Alhamis ya tafi wurin masunta ya roƙo 'yar dalmar da suke ɗaura wa koma don ta nutse. Ya buga ta da guduma ta yi faɗi, ya naɗe ta a cikin tayoyin gaba, ya matsar da batir ɗin gaba ya ɗaure da roba. Ya ɗora motar a tafin hannu yana auna nauyin, ya rage nan, ya ƙara can. Mutum ya iya lallashin roba da dalma haka, a ce ya kasa kiran yaro da sunansa! Amma haka Cindo yake, kuma garin duk yaba masa ake yi a kan haka.

"Kada ka ba ta wuta," ya gaya wa yaron a gindin dutsen. "Sannu-sannu. Bar ta ta nemi hanya da kanta."

Surajo ya danna a hankali. Motar ta ɗora ƙafar gaba, robar ta lotsa ta kama. Ta ja jiki, ta karkace a wata tsaga, ta gyara, ta ci gaba da rarrafe har ta tsaya cak a ƙololuwa. Bakin ruwa ya kaure da ihu. Matan da ke shanya kifi ma sai da suka yi guɗa. Yara suka haye dutsen a guje suna rige-rigen taɓa ta.

Surajo bai bi su ba. Ya tsaya kusa da Cindo da rimot a hannu, yana murza eriyar.

"Baffa."

"Na'am."

"Baba ya ce gobe za mu koma."

Yaron ya zuba masa ido yana jira. Maganar na nan a bakin Cindo, ya ma shirya ta tun asuba yana alwala. Zauna wurina, ba ni da kowa sai kai. Ya dubi gefe, ga masunta biyu na gyaran koma a inuwar jirgi, sa'o'in mahaifinsa, sun ɗago kai suna murmushi.

"Kada ka riƙa barin ta a rana," in ji shi. "Sholisho na saki."

"To."

Yaron ya ƙara tsayawa kaɗan, sannan ya hau dutsen ya ɗauko motarsa.

Ran Jumma'a bayan masallaci aka fito da Fijo ƙofar gida. Maƙwabta sun taru sallama, Inna Dudu na tsaye a bakin zaure da ƙullin busasshen kifi. Haliru ya dafa kan yaron.

"Surajo, ga Innarmu, ga mahaifinka. Ba wanda zai yi fushi da kai. Nan za ka zauna, ko za ka bi ni?"

Yaron bai dubi Haliru ba. Ya dubi Cindo kai tsaye, ido cikin ido in da an ba shi idon. Cindo ya ji kallon a jikinsa, ya ji na maƙwabta ma. Sai ya durƙusa gefen motar, ya danna tayar baya da babban yatsa.

"Yaya, wagga na son iska. Ka tsaya a Koko a ƙara maka."

Haliru ya girgiza kai.

"Zan bi ka, Baba," in ji Surajo. Ya shiga baya ya rungume jif ɗinsa, bai leƙo ba har suka sha kwana.

Cindo ya shiga gida ya zauna kan turmi a tsakar gida. Baƙin ciki yake ji irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da Larai. Yana gaya wa kansa cewa yaro ne, ya saba da birni, ya saba da ƙannensa, wa zai bar gidan lantarki ya zauna da mai faci? Da wannan ya so ya rarrashi kansa, kuma da an bar shi da ya samu ya jingina da shi.

Inna Dudu ta shigo tana dariya, ta zauna tana tsince shinkafa a faifai.

"Kai, 'ya'yan yanzu sai Allah! Ka san abin da angon nan nawa ya ce mini jiya da la'asar? Ya zo ya zauna nan inda kake, wai, Inna, ni ina son zama Yelwa. Na ce, to mi ya hana ka, maigida? Wai shi Baffa ba ya son shi. Wai kwana huɗu suna tare, kai yaro, kai yaro, ko sunanshi ba ka sani ba." Ta ƙara tuntsirewa. "Wai in ka kira shi sau ɗaya kafin su tashi, zai zauna. Ka ji shirme! Na ce, kai tafi can, ubanka ɗan halak ne, ba marar kunya na haifa ba."

Cindo ya ɗago kai.

"Jiya ya faɗa miki, Inna?"

"Jiya mana."

"Ba ki gaya mini ba."

"In gaya maka mi? Maganar yara?"

Ya dubi ƙofar zaure. Yanzu sun wuce gari, sun hau kwalta. Ya buɗe baki, sunan ya fito, karo na farko cikin shekara goma.

"Surajo."

Ya sake faɗa da ƙarfi, hawaye na zuba a gemunsa. "Surajo!"

Inna Dudu ta saki faifai ta kama baki.

"Subhanallahi! Cindo, a gabana?"