Littattafan Dakta Mu'azzam

Ƙaurin takarda ne ya fito da Safiyyatu daga ɗaki, mayafi a hannu. A tsakar gidan maƙwabcinta Dakta Mu'azzam, wanda aka binne jiya, ta tarar da wansa Alhaji Aƙilu yana jefa littattafai cikin wuta ɗaya bayan ɗaya.

Duk garin Hammadu Kafi ita kaɗai ta san abin da ke cikinsu, don ita ke koyar da kimiyya a sakandare, ita ce kuma mai jure dogon bayanin Dakta. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana lissafin yadda za a narkar da gishiri, a zuba masa ragowar makamashin nukiliya da aka gama aiki da shi, a tsamo yuraniyom mai sauran amfani, a bar dafin a baya. Tukunyar ma bai taɓa ganinta da ido ba. A takarda ya dafa, a takarda ya tace. 'Yan unguwa kuwa cewa suke boko ya taɓa shi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya roƙe ta ta aika littattafan ga Margaret, tsohuwar ɗalibarsa da ke koyarwa a jami'a. Ta ce to. Da ya cika, kunya ta hana ta shiga ɗakin mamaci ta ɗebi kaya, ita da ba dangin iya ba na baba. Ta ce bari a yi sadakar uku tukuna. Wannan kunyar ba za ta taɓa yafe wa kanta ba.

"Alhaji, don Allah ka dakata. Amana ya bar mini."

"Malama, kin ga gidajen nan masu lambobi a ciki? Hatimi ne. Gara a ƙone, kada su bi shi kabari."

Ta ce jadawalin zafi da nauyi ne, ta yi rantsuwa, har ta durƙusa. Ya ce ƙaninsa ne ciki ɗaya, ba zai bar shi da alhaki ba. Ya yi mata godiyar kunun da ta aiko wa masu zaman makoki, sannan ya jefa na ƙarshe. Dakta yana da rai Alhaji bai taɓa tambayarsa me yake rubutawa ba, sai yau ya zama mai cetonsa.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ta leƙo ta ce kada wuta ta tafi a banza. Ta aza murhun ƙarfe a kai, ta tura itace biyu, ta ɗora tukunyar shinkafar baƙi.