Maharban Sir Ranulf

Da sarki ya aiko a ba shi maharba biyar don yaƙin Sikotland, Sir Ranulf, mai gonakin da muke nomawa, ya tara samari bayan coci su gwada harbi. Jarumi ne a baki. Rabonsa da hawan doki tun ranar da tumbinsa ya fi ƙarfin sulkensa.

Ɗana Hamo ya fi kowa iya baka a ƙauyen, kuma shi kaɗai gare ni. Na ja shi gefe.

"Ka kuskure da gangan, ka ji ko?"

"Haba Baba, budurwata Alis na kallo fa."

"Ta yi dariyarta, ka dai zauna gida."

Duk kibiyoyinsa suka faɗa cikin kabejin limamin cocin. Sir Ranulf ya goge maiƙo a gemunsa, ya nuna Hamo da ƙashin kaza.

"Wannan da sauran makafin huɗu, a kai wa sarki. Gwanayen su zauna su tsare min bareyina."

"Ranka ya daɗe, ya iya, ni na sa shi."

"To sarki ya yi sa'a," in ji shi, ya ce a ƙaro giya.