Hancin Gwaggo

Tela mai ɗinki tana matse lemun tsami a cikin butar shayin maƙwabciyarta Gwaggo Mai Wanki lokacin da 'yar Gwaggon ta leƙo ta taga, idonta jawur.

"Yaya, ta cika da safen nan a asibiti."

Tela ta yi salati. Ba ta ajiye butar ba. Gwaggo ce ta ba ta ranar da za a tafi da ita asibiti, ta ce a cire farin ƙanzon da ya kama gindinta kafin ta dawo.

Shekarun wanki sun kashe wa Gwaggo hanci, ko ƙaurin girki ba ta ji. Kwalabenta na magungunan wanki kuma duk iri ɗaya ne, babu rubutu, don daga ita har Tela babu mai karatun kirki. Kullum da safe sai ta miƙo kwalba ta kan katanga.

"Hancina, wannan wace ce?"

Tela ta kaɗo iskar bakin kwalbar da hannu, hawaye ya zubo. "Amoniya ce, Gwaggo! Kashe ni za ki yi?"

"Raguwa! Mai santsi ke cin maiƙo, mai tsami ke cin tsatsa. Ke kuma ba abin da kike ci sai tsegumi."

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Kwalbar bilic, ruwan faranta kaya, a can bayan ƙofa take zama ita kaɗai. "In ta haɗu da amoniya, hayaƙinsu sai ya kwantar da ƙato," in ji ta.

Bayan an watse daga zaman makoki, Tela ta kai butar gidan Gwaggo. Ta tarar da 'yar ta rufe taga saboda kada a ji kukanta, tana kwashe kaya. 'Yar ta jera kwalaben gaban bokiti za ta juye su ta zubar, ta riga ta tsiyaya bilic a ciki, ta buɗe ta biyu. Warin ya doki Tela tun daga bakin ƙofa.

"Ke! Tsaya!"

Ta riƙe mata hannu, ta ƙwace kwalbar ta toshe, ta banke taga. Sannan ta faɗa mata dalili.

'Yar ta zauna daɓas a bakin gado. "Ni duk ruwa nake gani, Yaya. Ta yaya Inna take gane su?"

"Ba ta ganewa. Ni take tambaya."

Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. 'Yar ta tura mata kwalaben da butar. "Ɗauki. Ke suka sani."

Yanzu kwalaben suna jere a bayan keken ɗinkinta, bilic a bayan ƙofa ita kaɗai. Kowace safiya Tela takan ɗiga amoniya a tsumma ta goge tagar da ke kallon katangar. In warin ya sa ta hawaye, ba ta sharewa da wuri.