Kumbon Abdulmumin

Jirgin da aka ce zai tashi sama nutsewa ya yi a ruwan Tiga, kuma kwalekwalen Abdulmumin masunci ne.

'Yan fim ne suka zo daga Kano ɗaukar wasan barkwanci na talabijin. Wai wasu halittu ne suka sauko daga duniyar wata neman kifi. Daraktan, Surajo, ya ce kwalekwalen nan zai mayar kumbo. Abdulmumin ya ce ya yarda, amma shi zai tuƙa, a nuna fuskarsa. Da hannunsa ya buga wa jirgin fikafikan kwanon rufi.

Matarsa Salamatu ta ce, "Malam, da shi fa muke ci."

"Ke dai ki nemi inda za ki kalla."

Babu kwalekwalen da ba ya yoyo, shi ya sa masunci ba ya rabuwa da gwangwanin kwarfa. Da aka kai tsakiyar ruwa, da ƙattai biyu a ciki, an shafe su da koren fenti an kifa musu rariya a ka, sai Abdulmumin ya sunkuya ya fara kwarfe ruwa.

Surajo ya daka tsawa daga jirgin masu kyamara. "Baba, mene ne haka? Ka taɓa ganin ana kwarfa a kumbo?"

"Kumbon ma ban taɓa gani ba."

"To ajiye gwangwanin nan, ka ɗago kai. Kai za mu ɗauka yanzu."

Ya ajiye. Mujitaba, babban cikin halittun, maganarsa ɗaya ce: "Ina sarkin kifin garin nan?" Da ya buɗe baki sai dariya ta ƙwace masa, a sake ɗauka. Ruwa ya rufe idon sawu. Aka sake. Ya kai ƙwauri. Gwangwanin yana yawo yana taɓa ƙafar Abdulmumin, amma kyamara na kallonsa, sai ya ƙara washe baki.

Mujitaba ya duba ƙasa ya ce, "Baba, wallahi ban iya ruwa ba!" Ya miƙe tsaye, jirgi ya karkata, nauyin kwano ya ƙarasa aikin.

Abdulmumin ya saki jirgi ya cafki wuyan rigunan mutanen wata. Yana jan su yana jin Surajo na ihu: "Kada a kashe kyamara! Wannan ya fi abin da muka rubuta!"

Ranar da aka nuna, teburin mai shayi ya cika, har da masu riƙe ciki don dariya. An ga fikafikai, an ga rariya tana yawo a ruwa. Na Abdulmumin kuwa, ƙeyarsa kawai ta fito.

Kwalekwalen yana can ƙasa, wajen da gidan ubansa yake kafin dam ya cinye garinsu. Yanzu jirgin maƙwabcinsa Ɗantani yake bi, kuma aikinsa a ciki kwarfa.