Addu'ar Joldosh

Ermek ya fi shekara ashirin yana ɗaukar bidiyon biki a birnin Bishkek kafin ya gano, da furfurarsa, cewa bai iya fim ba. Wadda ta gano masa kuwa Saltanat ce, sa'ar 'yarsa ta fari, mai koyarwa a wata bita ta masu son yin fim da kansu, ba kamfani ba gwamnati.

"Ermek baike," wato yaya a yarensu, ta ce ranar da ta kalli gwajinsa na farko, "wannan mai jan kallabin, me take yi a labarin?"

"Ai tana wurin."

"Na ga tana wurin. Me take yi?"

"Malama, in ban nuna ta ba haushi za ta ji."

Dokar sana'arsa ke nan. A biki rabon kyamara ake yi kamar rabon naman rago: kai na babban baƙo, sauran gaɓoɓi bi da bi, gwargwadon shekaru da kusanci. Wanda ka tsallake zai riƙe ka har kabari. Ita kuwa Saltanat dokarta ɗaya ce: duk abin da labari zai rayu ba tare da shi ba, a cire.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya yi gajeren fim, sauran ɗalibai su zama ma'aikatansa, a nuna wa jama'a ranar rufe bita. Na Ermek labarin wata tsohuwa ne mai fitowa bakin titi kullum, tana jiran bas ɗin da zai dawo mata da ɗanta daga Rasha. Ba magana sosai, sai titi da duwatsu da iska. Wurin da ya dace shi ne ƙauyensu can bayan garin Narin, a ƙauyen kuma ba su da masauki sai gidan wansa, Joldosh.

A nan gizo yake saƙar. Tun rasuwar mahaifiyarsu, gaisuwar Salla kaɗai ke haɗa su. Ranar da ta cika, Ermek yana garin Osh yana ɗaukar rawar wasu, wayarsa a kashe. Ya iso an riga an rufe ta. Joldosh bai zage shi ba. Da ma zagin ya yi.

Da Ermek ya kira, yana in-ina kamar mai neman aure, Joldosh ya ce kawai, "Ku zo." Ya yanka musu rago, ya ɗura wa yaran birni nonon goɗiya har cikinsu ya ɓaci, sannan ya tambaya, yana kallon wani waje, "Ni fa, me zan yi a ciki?"

Ermek ya ƙirƙiro masa matsayin maƙwabci nan take: zai zo bisa doki, ya gai da tsohuwar, ya wuce.

Suka jira har rana ta kusa faɗawa bayan dutse, lokacin da haske yake laushi. Ermek ya saɓa kyamara a kafaɗa, ya ce a fara. Joldosh ya taho da farar hularsa ta zuwa biki. Ya iso gaban tsohuwar, ya sauka daga doki, abin da ba a ce ya yi ba, ya juyo ya fuskanci kyamara, ya ɗaga hannuwa.

To, idan dattijo ya ɗaga hannu zai sa albarka, ba a shawara. Tsohuwar ta ɗaga nata. Mai riƙe da sandar makirufo ya maƙale ta a hammata ya ɗaga nasa. Ermek ma bai san sa'ad da tafukansa suka buɗe ba, kyamara ta sunkuya tana kallon kofatan doki. Ya san kalmar da aka koya masa, "a yanke", tana nan a bakinsa. Amma wane ɗan halak ne zai yanke wa wansa addu'a? Iska tana kwashe maganar, shi kuma idonsa na kan rana. Kafin a shafa, rana ta faɗi.

Washegari suka sake ɗaukar tsohuwar ita kaɗai, Joldosh ya kora dabbobi tudu.

Sai da suka koma birni Ermek ya zauna tace fim a kwamfuta, ya saƙala abin ji a kunne, sannan ya ji abin da makirufo ya kama daga hammata. Joldosh ya yi wa ƙauye addu'a, ya yi wa dabbobi, ya yi wa 'yan ci-rani. Daga nan muryarsa ta sauka.

"Allah Ya buɗe wa ƙanena Ermek hanya. Inna ta tafi ba ta riƙe shi da komai ba. Ni ne na riƙe, yau na sauke."

Ermek ya cire abin kunnen, ya fita, ya sha sigarin da likita ya hana shi.

Ya gwada sa wurin addu'ar a farkon fim. Ya gwada a tsakiya. Ya gwada bayan sunaye. Ko'ina ya sa shi, sai tsohuwar ta daina jiran ɗanta, ta koma jiran wani mutum ya gama magana.

"Na ji abin da ya ce, baike," in ji Saltanat. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba. "Fim ɗinka ne. In ka bar shi, haka zan nuna. Amma mutane za su ga kofatan doki suna addu'a, za su yi dariya. Kuma ba kai za su yi wa ba."

"Yana zuwa ranar. Da mutanen ƙauye, mota guda."

"To ka ga."

Tsohuwar dabarar masu bidiyon biki ta faɗo masa, a yi kwafi biyu, kowane dangi da nasu. Amma zauren ɗaya ne, allon ma ɗaya. Ya cire wurin. Fim ya miƙe tsaf, ya yi kyau, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Bai iya faɗa a waya ba. Ya tuƙa mota tun safe, ya iske Joldosh zaune a ɗaki. Burul, matar Joldosh, ta zuba musu shayi ta koma gefe. Ermek ya yi bayanin haske, ya yi na labari, ya ari kalmomin Saltanat duka, suka fito daga bakinsa kamar takalmin aro.

"Ka ji abin da na faɗa?" in ji Joldosh.

"A wurin ban ji ba, baike, iska ta yi yawa. Sai daga baya."

"Ka ji, ka cire."

"Na cire."

Joldosh ya juya kofinsa a hannu. "Dokin fa?"

"Yana ciki. Daga nesa, yana kiwo."

"Madalla. Wani a gidan nan ya yi sa'a."

"Dariya za su yi maka, baike. Ƙafafun doki kaɗai suka fito."

"Kyamarar a hannuna take?"

Ermek ya ɗauki kofinsa, ya kurɓi shayi.

"Zan gaya wa mutane kar su ɗauki mota," in ji Joldosh. "Kuma ba zan maimaita ba. Irin wannan magana sau ɗaya ake faɗinta, bakina bai saba ba."

"Ba maimaitawa nake so ba. Tambaya nake, ko tana nan yadda ka faɗe ta."

Joldosh ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki hularsa ta aiki. "Rana tana yi, dabbobi ba su sha ruwa ba."

Ya fita. Burul ta tattara kofuna a hankali. Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa kiran sunan ƙanen mijinta ba, sai wanda ta laƙaba masa.

"Ɗan Birni, in yi maka shimfiɗa ne, ko in ƙulla maka burodin hanya?"

Ermek ya leƙa ta taga. Joldosh yana tafiya wajen garke, bai waiwayo ba.

"Bari ya dawo tukuna," ya ce.