Inuwar Kukar Kwaleji

Mushe Abdulwahabu, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, na zaune a ƙofar gidansa a Dungas yana ɓarar gyaɗa, wata farar mota ta tsaya a gindin dalbejiya. Tun da ya aje aikin koyar da lissafi, kabu-kabu kaɗai ke tsayawa a ƙofar nan. Wata mata ta fito, ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaishe shi.

"Mushe, ba ka gane ni ba? Juwairiyya ce, ta gidan Ɗalha mai ɗinki."

Ya ƙura mata ido, sai ya fashe da dariya. "Ke ce mai kukan rana ta yi zafi!"

Yarinyar da ya koyar a kwaleji ce ta zama injiniya. An turo ta Guci, za ta kafa shato, babban tankin ruwa na sama. Hinda matarsa ta kawo fura, hira ta ɓarke.

Ba su daɗe ba suka faɗa zancen kukar da ke bayan kwaleji. Kowace shekara yakan kwashi 'yan aji ya kai su gindinta da hantsi. Ya kafa sanda, su auna inuwar sandar, su auna inuwar kukar, su fitar da tsawonta ba wanda ya hau. Yakan ce musu wani mutumin Girka mai suna Tales ya yi wa dalar Fir'auna irin wannan awon, tun kafin a san za a yi Dungas. Iyaye har ƙararsa sun taɓa kaiwa wajen darekta, wai yana shanya musu yara a rana.

"Kukar ta faɗi bara waccan," in ji shi. "Iskar farkon damina ce ta kayar da ita. Na je na tsaya a wurin, na rasa wanda zan yi wa zancen."

Juwairiyya ta ce, "Mushe, gobe zan aiko mota. Ka zo ka ga aikinmu."

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. A Guci ya tarar da leburori na haƙa, ita kuma tana leƙa wata na'ura mai ƙafa uku. Ta matsa masa ya leƙa. Lambobi suka fito da kansu, nisa da tudu duka. Ya tuna tablo da lakire, wato allo da alli, da igiyar da ya yi ta ƙullawa yana nuna wa yara dokar Pitagor ta alwatika.

"To, 'yata, kun huta. Abin namu ya wuce."

"Ina! Alwatika ce fal a cikinta. Abin da ka koya mana take yi, sauri kawai ta fi mu. Ran da ta ba ni lambar da ba ta kwanta mini ba, da kaina nake sake lissafin."

Ya ciro hankici ya share fuska, ya ce ƙura ce.

Da azahar suka yi salla, aka kawo dambun zogale. Suna ci yana tambayarta 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya. Mutari na sayar da hatsi a Magariya. Fiddausi ungozoma ce a Sassumbrum. Abdussalam, wanda ya fi kowa kai a ajin, Allah ya yi masa rasuwa a hanyar Agadas. Mushe ya aje cokali, suka yi masa addu'a.

Da za a mayar da shi gida, mai garin Guci ya roƙe shi ya dawo ranar da za a buɗe famfo. Ya ce in Allah ya kai mu zai zo, amma a taho da Hinda, don ta daɗe tana son ganin ƙanwarta da ke aure a garin.